Sai da digiri ake zama mai tsara darussan horaswa a Saudiyya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen Jidda ne, iyayena mutanen Katsina ne, da iƙama, wato takardar izinin zaman baƙo, nake zaune. Na gama sanawiyya, wato sakandare, hali bai yi na wuce jami'a ba. Yanzu ina aiki a wani kamfanin horas da ma'aikata, ni ke shirya zaure, da rajistar mahalarta, da buga musu shahada, wato takardar shaidar halarta. A hankali na koyi PowerPoint da Canva, har na fara taɓa Storyline, manhajar haɗa darussan kwamfuta, kuma yanzu yawancin allunan da masu horaswa ke haskawa ni ke gyara musu. Burina in zama musammim ta'limi sosai, wato mai tsara darussan horaswa. Wasu sun ce in babu digiri in manta da maganar, wasu kuma sun ce digiri ɓarnar kuɗi ne, in tara ayyukana kawai in nuna. Ina da mata da ɗa ɗaya, abin hannun kuma ba yawa. Wace hanya zan bi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya raya mana yaron, Ya sa albarka a nema.

Tambayoyi biyu ka ƙulle wuri ɗaya, shi ya sa masu ba ka shawara suka rabu gida biyu, kowane ɓangare da tasa gaskiyar. Ta farko ita ce ko mutum zai iya ƙwarewa a tsara darussan horaswa bai zauna a ajin jami'a ba. Ta biyu ita ce ko za a ɗauke shi aikin, a ƙasar nan, da irin takardun da ke hannunka yau. Amsar ta farko e ce kai tsaye, na yi aiki da waɗanda suka tabbatar da haka. Ta biyun kuwa ta danganta da ƙofar da ka ƙwanƙwasa, kuma ba zan ɓoye maka ba, ƙofofin da suka fi albashi da kwanciyar hankali a Saudiyya yawancinsu sai da digirin farko suke buɗuwa. Sai dai ba lallai digirin ya zama na wannan fanni ba, kuma wannan ne abin da duka ɓangarorin biyu suka tsallake.

Ni a Riyad nake, na daɗe ina tsara wa kamfanoni horaswa, kuma nakan zauna cikin masu tantance sababbin ma'aikata. Daga nan maganata ta fito, ta kamfanoni ce fiye da ta makarantu. Dokokin aiki kuma suna yawan canzawa, don haka duk inda na taɓo iƙama da sunan sana'a, ka sake dubawa a Qiwa, dandalin gwamnati na harkokin aiki, ko wurin mu'aƙƙibin kamfaninku, mai bi muku takardu a ofisoshin gwamnati, kafin ka fitar da ko riyal ɗaya.

Aikin da kake yi da aikin da kake nema

Gyaran alluna, zaɓen launi da hoto, haɗa darasi a Storyline, duk suna cikin aikin, amma su ne sashensa na ƙarshe. A shagon tela akwai mai taka keke, akwai mai awo da yanka. Taka keke ana koyonsa cikin 'yan watanni, amma in yanka ya karkace, komai kyan ɗinki rigar ba za ta zauna a jiki ba. Mai tsara darasi shi ne mai awo da yanka. Shi zai zauna da mudir, wato manaja, ya tambaye shi: me ma'aikatanka suke yi yanzu wanda ba ka so, me kake so su riƙa yi, da me kuma za mu gane sun canza? Daga nan ya ware abin da zai shiga darasin da abin da za a zubar, ya jera su, ya shirya atisayen da mai koyo zai yi da hannunsa, da yadda za a gwada shi. A manyan kamfanoni ma ƙawata allon wani ne daban ke yi.

Sana'ar ba ta da tsawon tarihi. Ta kafu ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sojojin Amurka suka buƙaci horas da ɗimbin mutane cikin gaggawa, suka ɗauko masana halayyar ɗan Adam, cikinsu har da Robert Gagné. A 1956 Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka fitar da matakai shida na manufofin koyo, tun daga tuna abu kawai har zuwa iya yanke hukunci a kansa. A 1959 Donald Kirkpatrick ya kawo matakai huɗu na auna amfanin horaswa. A 1962 Robert Mager ya nuna yadda ake rubuta manufar darasi ta yadda za a iya gwada ta, a 1965 kuma Gagné ya jera matakai tara da darasi ke bi. Tsarin ADDIE, wanda da wuya ka ga tallar aikin nan ba ka gan shi a ciki ba, ya fito ne daga aikin da Jami'ar Jihar Florida ta yi wa sojojin Amurka a 1975: nazarin matsala, tsarawa, haɗa kayan, gabatarwa, sannan aunawa.

Duk wannan ilimi rubutacce ne, yana kasuwa, ba a kulle shi a jami'a ba. Injiniya a ƙasar nan sai ya yi rajista da hukumar injiniyoyi, likita da ma'aikacin jinya sai da rajistar hukumar ƙwararrun lafiya, amma ban taɓa ganin kamfani ya nemi lasisi a hannun mai tsara darasi ba. Da yawa daga cikinmu ma ta wata hanyar muka shigo: malamin makaranta, mai horaswa, ma'aikacin banki da aka ce ya rubuta darasi saboda ya fi kowa iya aikin.

Abin da karatun ke gyarawa

Wani otal a Makka, cikin masu saukar alhazan Afirka ta Yamma, ya taɓa neman a tsara masa darasin kyautata mu'amala da baƙi. Mudir ya ce ƙorafi ya yi yawa a kan ma'aikatan karɓar baƙi. Ya turo tulin takardu a kan murmushi, da sallama, da haƙuri, da falalar hidimar baƙin Allah, yana so a mayar da su darasin kwamfuta mai hotuna da murya. Wanda Storyline kaɗai ya iya zai karɓa ya yi, kuma zai yi kyau. Mu sai muka roƙi a bar mu mu tsaya a harabar otal ɗin a lokacin da motoci ke isowa daga Madina.

Mota za ta tsaya bayan tafiyar sa'o'i, dattawa da mata a galabaice, ga harama a jiki tun daga Abyar Ali, kowa yana son ya ajiye kaya ya tafi ɗawafi. Jerin sunayen da ke hannun ma'aikaci da Larabci aka rubuta shi, na jagoran ayari kuma da boko, ga masu suna iri ɗaya sun cika motar. A kira suna, mutum uku su taso. A ba wannan makullin wancan, tsohuwa ta sha wahalar hawa sama ta tarar da maza a ɗakin. A nan murya ke tashi, a nan ake cewa ma'aikata ba su da ladabi. Su kuwa bayin Allah sun san murmushi sarai, tsarin ne ya jefa su cikin faɗa. Abin da muka miƙa a ƙarshe shi ne a riƙa daidaita jerin biyun da lambar fasfo tun mota tana hanya, a zuba makullai a ambulan ɗaki-ɗaki, a liƙa kati ɗaya a kan kanta mai jimloli kaɗan na Hausa da Yarbanci da Faransanci, sannan ma'aikata su yi gwajin karɓar mota a aikace, wasunsu su zama alhazan. Darasin kwamfutar da ya rage bai wuce na 'yan mintuna ba. Mudir bai ji daɗi da farko ba, don ya riga ya ware kuɗin babban darasi.

Gane cewa matsalar ba ta horaswa ba ce, shi ne abin da ya fi raba ƙwararre da mai haɗa alluna. Mager yana da wata tambaya da ake gwada wannan da ita: da ran ma'aikacin ya rataya a kan aikin nan, zai iya yin sa? In zai iya, to ba rashin sani ke damunsa ba, a duba kayan aiki, ko tsari, ko abin da ake saka masa da shi. Ana koyar da wannan a jami'a, ana kuma samunsa a littafi. Bambancin shi ne mai koyo shi kaɗai yakan fara da manhaja, saboda ita ce mai daɗin koyo kuma ita ake gani, ya shekara yana ƙawata abin da bai kamata a yi shi ba tun farko.

Ga wani gwaji da zan so ka yi yau. Ɗauko haƙibar horaswa ɗaya ta kamfaninku, wato kundin kayan darasi, ka buɗe shafin manufofi. Na kusa rantsewa za ka ga irin "mahalarci ya fahimci muhimmancin kariya daga gobara". Ta yaya za a gwada fahimta? Da me za a auna muhimmanci? A tsarin Mager manufa tana da ƙafa uku: aikin da za a ga mutum ya yi, yanayin da zai yi shi a ciki, da ma'aunin da za a ce ya yi daidai. Sai ta koma kamar haka: idan ƙararrawa ta kaɗa, ma'aikacin hawan zai bi ɗakunansa ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da baƙi ta matattakala ba ta lif ba, ya kai su wurin taruwa bai tsallake ɗaki ko ɗaya ba. Da zarar ka rubuta ta haka, rabin allunan haƙibar sun zama ba su da aiki, kuma jarrabawar zaɓi ɗaya cikin huɗu ta faɗi, dole a tashi a yi atisaye.

Sai kuma binciken yadda ƙwaƙwalwa ke ɗaukar sabon abu. John Sweller ya yi bayani tun 1988 cewa abin da mutum ke iya riƙewa a lokaci ɗaya kaɗan ne, duk wani ado da ba ya taimakon darasi yana cinye wurin da ilimin zai zauna. Gwaje-gwajen Richard Mayer sun nuna cewa in ana bayanin hoto da murya, sannan aka cika allon da rubutun abin da muryar ke faɗa kalma da kalma, koyon raguwa yake yi. Ka tuna yawan darussan da ka gani an yi su daidai haka. Akwai kuma maganar nan da ta cika zaurukan horaswa, wai wani da ido yake koyo, wani da kunne, wani da hannu, don haka a raba musu darasi. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa suka bi binciken da aka yi a kai, ba su sami hujjar da ta isa a gina darasi a kanta ba. Har gobe ana sayar da ita a daurori, wato gajerun kwasa-kwasan horaswa, da shahada mai hatimin zinare.

To a nan jami'a mai kyau take da amfaninta. Tana ba ka malamin da zai ja jan biro a kan aikinka ya ce sake, tana tilasta maka karanta abin da ba ka so, tana koya maka bambance bincike da talla. Wanda ya koya shi kaɗai ba shi da mai ce masa ya karkace. Amma kada ka ɗauka takarda ita ke kawo wannan kai tsaye. Na sha tantance masu majistir, wato digiri na biyu, da za su jero maka matakan Gagné tara ba gargada, ka ba su takardar tsarin aiki mai shafi biyar ka ce su fitar da darasin minti goma, su kwafe ta duka su zuba a allo. Zama da ƙwararren da ke ganin duk abin da ya sani dole ya shiga darasi, ka lallaɓa shi har ya yarda a zubar da rabi, wannan a bakin aiki kaɗai ake koyonsa, kuma kai kana ganin ana yi kullum.

Wani abu ya ƙara sauya lissafin. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, rubuta daftari, da fitar da tambayoyin jarrabawa, da ɗora murya, da yin hoto, duk sun yi arha. Sashen da ka fi ƙarfi a kai yanzu shi ne wanda farashinsa ke faɗuwa. Wanda zai tsaya a harabar otal ya gano inda matsalar take, shi ne har yanzu ake nema.

Inda takarda ke tare hanya

Kasuwar aikin a nan ta buɗe sosai a 'yan shekarun nan. An ƙaddamar da Hangen 2030, babban shirin ci gaban Saudiyya, a 2016, aka kafa Cibiyar Ƙasa ta Ilimin Intanet a 2017, wadda ke ba da lasisi da ƙa'idoji ga masu koyarwa da horaswa ta intanet. A watan Maris na 2020 annobar korona ta rufe makarantu, karatu ya koma gida, aka fito da dandalin Madrasati. A 2021 kuma aka ƙaddamar da shirin bunƙasa ƙwarewar ɗan Adam. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya jawo kwangiloli, kwangila kuma tana neman masu tsarawa.

Sai dai masu ɗaukar aikin ba iri ɗaya ba ne. Jami'o'i suna da sassan ilimin intanet, su kuma takarda suke fara dubawa, galibi digiri a fasahar koyarwa, sau da yawa ma majistir, kuma ɗan ƙasa ne a gaba. Wannan ƙofa ka ajiye ta gefe tukuna. Sai kamfanonin da ke neman kwangilar hukumomi ta dandalin Etimad. A nan ne mutane da yawa ba su gane abin da ke faruwa ba. Kamfani yana haɗa takardun neman kwangila da bayanan ma'aikatan da za su yi aikin, kuma sharuɗɗan kwangilar sukan faɗi ƙaramin matakin karatu da shekarun ƙwarewa na kowane muƙami. Mudirinka zai iya sanin ka fi kowa iyawa, amma in sharaɗi ya ce digirin farko, ba zai iya sa sunanka ba. Sai ka yi aikin a bayan fage, sunan wani yana kan takarda, albashin ma haka. Na ga wannan ya faru da mutane masu hazaƙa, kuma ba mugunta ce ta kawo shi ba, cike gurbin fom ne kawai. Na uku su ne ƙananan kamfanoni da cibiyoyin horaswa irin naku. Su gani ya kori ji, ka nuna aiki su ɗauke ka.

Ga kuma abin da ya shafe ka a matsayin mai iƙama. Tun da aka kawo tsarin Niɗaƙat a 2011 kowane kamfani yana lissafin yawan 'yan ƙasa da baƙi a cikin ma'aikatansa, wasu muƙaman sashen kula da ma'aikata ma an keɓe su ga 'yan ƙasa, sashen horaswa kuwa sau da yawa a ƙarƙashinsa yake. Canza sana'ar da ke kan iƙama zuwa ta ƙwararru kan buƙaci shahadar karatu da aka tantance. Ga baƙo, digiri yana aiki biyu ke nan, yana gamsar da mai ɗaukar aiki, yana kuma gamsar da tsarin.

Masu ce maka ka rabu da digiri yawanci daga bidiyoyin Amurkawa suka ɗauko maganar, inda mutum zai bar koyarwa ya tara ayyuka uku ya fara karɓar kwangila daga ɗakinsa. Can daidai ne. A nan dokar ƙwadago ta hana baƙo yi wa wani aiki ban da wanda ya ɗauke shi, ta kuma hana shi yin aikin kansa, takardar aikin kai da ake bayarwa kuwa ta 'yan ƙasa ce. Gyaran da ya fara aiki a watan Maris na 2021 ya sauƙaƙa komawa wani kamfani, amma bai buɗe wannan ba. Kada son tara ayyukan nunawa ya kai ka ga abin da zai taɓa zamanka da na iyalinka. Haka nan masu sayar da shahadar jami'a ta WhatsApp, ko sallamarsu kada ka amsa, laifi ne babba kuma ana tantancewa.

'Yan'uwanmu Hausawan da ke da jinsiyya, wato suka zama 'yan ƙasa, lissafinsu daban ne: suna da darussan Doroob kyauta, asusun Hadaf yana da shirin mayar da kuɗin wasu shahadodin ƙwarewa, ƙofar aikin kai ma a buɗe take gare su. Wanda kuma ya riga ya yi digiri a Larabci ko Shari'a a Madina ko Khartum, makullin yana hannunsa, kada ya sake wani digirin farko, ya koyi sana'ar kawai. Yaron da ya gama sanawiyya bana kuma gida za su iya ɗaukar nauyinsa, ya wuce jami'a kai tsaye, babu abin tattaunawa.

Shahadodin gajeren zango

Daurar horas da masu horaswa ta kwana uku ko biyar ba ta maye gurbin digiri a kowane fom, kuma tana koyar da tsayuwa gaban jama'a ne fiye da tsarawa. Ƙungiyar ATD ta Amurka, ta masu sana'ar horas da ma'aikata, tana da shahadodi biyu da ake girmamawa, APTD da CPTD, amma ta farko tana neman ƙwarewar shekara 3, ta biyu shekara 5, da dala ake biya, jarrabawar kuma ba wasa ba ce. Na gaba ne, ba na yanzu ba. Cibiyar Ƙasa ta Ilimin Intanet ita ma tana da nata shahadodin ƙwarewa, kuma sunanta yana da nauyi a nan gida, ka karanta sharuɗɗan shiga. Darussan Coursera da edX, da na Larabci a Rwaq da Edraak, ka yi su don abin da ke ciki. Takardar da suke bayarwa ba ta cika motsa mai tantancewa ba.

Da ni ne kai

Ba zan bar aikin nan ba. Kana zaune a inda wasu ke biyan kuɗi su samu shiga: kana ganin haƙibobi, kana jin ƙorafin mahalarta a lokacin shan shayi, ka san mai horaswar da ake barci a zaurensa da wanda ba a so ya tashi. Sai in nemi mudir ya ba ni daura guda ɗaya, ƙarama, in sake ta tun daga tushe. In yi magana da waɗanda suka aiko mahalartan, in rubuta manufofi irin na Mager, in rage alluna, in ƙara atisaye, bayan wata ɗaya ko biyu in kira in ji ko wani abu ya canza a wurin aikinsu. Wannan kiran shi ne mataki na uku a ma'aunin Kirkpatrick, kuma yawancin kamfanoni a na farko suke tsayawa, wato takardar nan ta "yaya ka ji daurar" da kake rabawa a ƙarshen rana.

Ayyuka uku sun isa fayil ɗin nunawa, in dai sun bambanta: darasin kwamfuta ɗaya mai labari da zaɓi, haƙibar zaure ɗaya da jagoran mai horaswa, da katin taimako mai shafi ɗaya. Kowanne ka haɗa shi da shafi guda da ke faɗin matsalar, da su wane ne masu koyon, da abin da ka zubar da dalilin zubarwar. Ni in ina tantancewa wannan shafin nake fara karantawa, kafin in danna komai. Kayan kamfani ko na abokan cinikinsa kada su shiga sai da izini a rubuce, in ba a ba ka ba ka ƙirƙiri kamfanin da babu shi. Articulate, masu manhajar Storyline, suna ba da gwajin kwana 30 kyauta, saboda haka ka gama tsarin a takarda kafin ka buɗe gwajin, kada kwanakin su ƙare kana tunani. Suna kuma fitar da ƙalubale kowane mako a dandalinsu, inda za ka ga yadda wasu suka warware abu ɗaya. Moodle, dandalin ɗora darussa, da H5P, manhajar haɗa atisaye, kyauta ne. Ka koyi fitar da darasi a tsarin SCORM, wanda ke sa darasi ya aika wa dandali sakamakon mai koyo, ka ɗora shi a Moodle, ka ga ko sakamakon mai koyo yana shiga, don a nan sababbi ke yawan jin kunya ranar miƙa aiki.

Ka samu wanda ya riga ka a sana'ar ya riƙa duba maka, mai faɗin gaskiya ba mai cewa ma sha Allah kawai ba. Shi zai tsaya maka a matsayin jan biron jami'a. Ka kuma matsa wa kanka a Turancin karatu, don yawancin littattafan fannin da shi aka rubuta su, da Larabcin rubutu, wanda ya bambanta da na hirar Jidda.

Hausarka jari ce, kada ka raina ta. Kamfanonin hidimar alhazai, da otal-otal, da masu sufuri, da cibiyoyin koyar da Larabci da Alƙur'ani suna hulɗa da Hausawa kowace shekara, kuma wanda ya iya tsara darasi da Larabci da Hausa, ya san yadda dattijon Sakkwato ko Damagaram ke son a yi masa magana, ba shi da yawa. Abu ɗaya ka kula da shi: ba kowane salon rubutu ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ ba, wani sai ya mayar maka da su akwatuna, haɗa su da Larabci mai tafiya daga dama a allo ɗaya ma yana son gwaji. Ka duba a waya kafin ka miƙa.

Digirin kuma zan yi shi, amma a hankali, ina aiki. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Larabawa, wadda ta fara a 2002, tana da reshe a Jidda, tana karɓar mazauna, karatunta kuma haɗe yake, wani a aji wani ta intanet, akwai kasuwanci da kwamfuta da Turanci. Jami'ar Intanet ta Saudiyya, da aka kafa a 2011, ita ma irin wannan tsarin take bi, ka duba sharuɗɗan karɓarta na bana. Kowanne cikin fannonin nan zai cike maka gurbin fom, na kwamfuta ko na Turanci ma zai ƙara maka a aikin kansa. Ka ɗauki darussa kaɗan kowane zango gwargwadon aljihu, ko da zai ja shekaru. In wata jami'ar waje ce ta intanet ta burge ka da arha, kafin ka biya ka tabbatar Ma'aikatar Ilimi za ta yi wa shahadarta mu'adala, wato ta amince daidai take da ta gida, don ba kowane karatun nesa ake amincewa da shi ba. Majistir a fasahar koyarwa, irin wanda ake yi a Jami'ar Sarki Sa'ud, maganar gaba ce, in ka ga hankalinka ya karkata ga jami'a ko shugabancin sashe.

Akwai abu ɗaya da ba ya cin kuɗi kuma ya kamata ka fara da shi. Dokar ƙwadago ta wajabta wa kamfani ya ba ma'aikaci shahadar aiki kyauta in zai tafi, a rubuta ranar da ya fara, da ranar da ya bari, da irin aikin da ya yi. In takardunka na cikin gida suna cewa mai shirya zaure, to duk shekarun da ka yi kana tsara darasi a matsayin shirya zaure za a ƙirga su. Bayan ka gama daurar nan ta gwaji kuma sakamako ya fito, ka shiga wurin mudir da ita a hannu, ka roƙi a ƙara tsara kayan horaswa a bayanin aikinka a rubuce, ko da albashi bai motsa ba a wannan shekarar. Daga ranar da aka sa hannu shekarun ƙwarewarka za su fara ƙirguwa, su ne kuma ATD da masu kwangila za su tambaya.